Ciwon yaushi mai shiga ta saiwa: yadda za ka gane shi da abin da za ka yi, mataki-mataki

Tambayar da masu karatu suka fi aiko mini da ita kusan iri ɗaya ce, ko mai tumatir ne, ko mai kankana, ko mai auduga. Shuka tana yaushi da tsakar rana, ta farfaɗo da daddare, an ƙara mata ruwa ba ta canza ba, to wane magani za a fesa? Amsar ba ta da daɗin ji. In funfunar ƙasa ce mai shiga ta saiwa, babu feshin da zai warkar da shukar da ta riga ta kamu, domin cutar tana can cikin kara inda magani ba ya kai wa. Abin da ya rage a hannunka shi ne sauran shukar da ba ta kamu ba, da ƙasar kanta, da noman baɗi. Aikin yana da jeri, kuma in aka tsallake na farko aka faɗa na tsakiya, kuɗi ne ke tafiya a banza.

Kayan da za ka tanada tun yanzu: wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, kofin gilashi mai garai-garai, shebur, buhuna ko manyan ledoji, bokiti biyu, buroshi, ruwan bilic, 'yan sanduna na yin alama, da littafin rubutu. Ma'aunin zafi da farar leda sai an zo matakai na gaba.

1. San ta inda take shiga

Ba dogon karatu ba ne, amma duk matakan da ke tafe a nan suka rataya. Funfuna biyu ce ta fi yin wannan ɓarna, Fusariyam da Batisiliyam. Dukkansu suna barin ƙwayoyi masu taurin ɓawo a cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, suna kwance ba ci ba sha. Na Batisiliyam sukan haura shekara 10 a raye. Na Fusariyam mai kama ayaba sukan yi shekaru gommai.

Abin da ke tashinsu shi ne ɗan ruwan sukari da sinadaran da saiwa ke tsattsafarwa a ƙasar da ke kewaye da ita. Da ƙwayar ta ji wannan sai ta tsira, ta miƙo siririn zare, ya bi ya manne a jikin saiwa yana neman ƙofa. Ƙofofin guda uku ne: bakin saiwa mai taushi inda take ƙara tsawo, tsagar da ƙaramar saiwa ke yi in za ta fito daga babba, da kowane irin rauni, na fartanya ne, na dashe ne, ko na tsutsar saiwa, wata 'yar ƙaramar tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Zaren ya ratsa naman saiwa har ya kai tsakiya, inda hanyoyin ruwa suke. Da ya shiga nan ya samu abin hawa. Yana zuba ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwan da shuka ke ja sama, ruwan ya kwashe su, duk inda suka maƙale su sake tsira su huda gaba.

Ita ma shukar ba ta zauna haka ba. Tana toshe hanyoyin da cutar ta shiga da wani irin ƙaro da kumburi daga ciki don ta tare ta. Irin da ke da juriya yana yin toshiyar da wuri, cutar ta tsaya a ƙasa. Irin da ba shi da juriya yana makara, kullum cutar tana gaba yana toshewa a baya, har ya wayi gari ya rufe wa kansa hanyar shan ruwa. Shi ya sa za ka ga ƙasa jiƙe sharaf amma ganye na mutuwa da ƙishirwa. Bayan shukar ta mutu, funfunar ta bazu cikin gawar, ta yi sababbin ƙwayoyi masu yawan gaske, su koma ƙasa.

Riƙe abu biyu daga nan: rauni a saiwa ƙofa ce, kuma matacciyar shukar da aka bari a gona iri ce ta baɗi.

2. Zaga gona da tsakar rana

Kada ka yi dubawar da sassafe, lokacin duk shuka ta miƙe tana kyan gani. Je tsakanin azahar da la'asar. A tumatir alamun sun fi fitowa lokacin fure da ɗaukar 'ya'ya, sa'ad da shuka ta fi buƙatar ruwa. Ganyen ƙasa ne ke fara zama rawaya, abin ya yi ta hawa. Babbar alamar Fusariyam ita ce son ɓangare ɗaya: reshe guda ya yi rawaya na kusa da shi kore shar, wani lokaci ma ganye ɗaya rabinsa rawaya rabinsa kore. Batisiliyam kuwa yakan bar tabon rawaya a bakin ganye, mai faɗi a waje yana tsukewa zuwa ciki, daga baya ya bushe.

Yanayi ma yana ba da haske. Fusariyam na tumatir ya fi ƙarfi in zafin ƙasa ya kai wajen digiri 28, Batisiliyam ya fi son ƙasa mai ɗan sanyi.

Dubi yadda abin ya bazu. Wannan cuta takan fara a gungu, ko ta bi layin kunya, ko ta bi inda ruwa ke gangarawa. In gonar gaba ɗaya ta yi yaushi rana guda, fara zargin ruwa, ko taki da ya ƙone saiwa, ko maganin ciyawa. Kafa sanda a gindin duk shukar da ka zarga.

Gargaɗi: kada ka ƙara ruwa don ka ga yaushi. Tura yatsa cikin ƙasa tukuna. In da danshi, ƙarin ruwa zai shaƙe saiwar da ta rage, ya kuma kwashe ƙwayoyin zuwa gindin maƙwabta.

3. Tsaga kara ka gani

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne arha. Zaɓi shukar da ta fara yaushi amma ba ta mutu ba. Wadda ta bushe ba ta da labarin da za ta ba ka, don ƙwayoyi iri-iri sun riga sun cika ta. Haƙo ta da shebur, kada ka fizge, domin kana son ganin saiwar yadda take.

Fara da saiwa. Wanke ta a bokiti. In ka ga ƙulle-ƙulle da kumburi a jikinta, tsutsar saiwa ce, kuma sau da yawa ita ke buɗe wa funfuna ƙofa. A wake da gyaɗa kada ka rikita su da ƙulallan nan masu amfani: masu amfanin suna ɓallewa in ka murza, na tsutsa kuwa naman saiwar ne ya kumbura. In saiwar ta ruɓe baƙi ƙirin tana wari, ruwa ne ya kwanta ko wata cutar ruɓa ce daban. Dubi gindin kara daidai fuskar ƙasa. Farin zare kamar auduga da ƙananan ƙwallaye masu launin ƙasa-ƙasa alamar wata funfuna ce mai cin gindi daga waje.

Yanzu tsaga karan a tsaye daga gindi zuwa sama. A lafiyayyar shuka cikin fari ne ko kore-kore. A wadda ta kamu za ka ga layi mai ruwan ƙasa kwance tsakanin ɓawo da ɓargo, shi ɓargon tsakiya yana nan lafiya. In ka yanka a gicciye, zobe za ka gani. Na Fusariyam yakan yi duhu ya hau har cikin rassa, ka ɓalle ganye ka ga ɗigon ruwan ƙasa a gurbinsa. Na Batisiliyam ya fi haske, kuma a tumatir yakan tsaya kusa da gindi.

Saura gwajin kofi. Akwai ciwon yaushi na bakteriya mai kama da wannan, kuma yadda ake bi da shi ya ɗan bambanta. Yanko guntun kara daga gindi, tsawon yatsa, ka rataya shi ta yadda bakin yankan zai ɗan nutse a ruwa mai tsabta cikin kofin gilashi. Kada ka girgiza. Jira minti 5 zuwa 10. In ka ga farin zare yana zubowa daga bakin yankan kamar hayaƙi a cikin ruwa, bakteriya ce. In ruwa ya tsaya garau alhali cikin kara yana da layin nan, funfuna ce ta fi kusa. Ita ta bakteriya kuma takan kayar da shuka cikin 'yan kwanaki ganyen yana kore, ba tare da ya yi rawaya ba.

Gargaɗi: tsoma wuƙa a ruwan bilic tsakanin shuka da shuka, kuma ruwan wankin saiwa kada ya zuba a gona ko a magudanar ban-ruwa.

Ido kaɗai ba ya raba Fusariyam da Batisiliyam da cikakken tabbaci. In gonar babba ce, kai samfur ɗakin gwaje-gwaje ta hannun malamin gona. Shuka mai rai-rai da saiwarta, saiwar a ɗaure cikin leda daban, ba a yayyafa ruwa ba, a ajiye a inuwa, a kai da wuri. 

4. Cire, ka killace

Je da buhu har gindin shukar. Haƙo ta da saiwarta da ƙasar da ta manne, ka jefa cikin buhun nan take. Kada ka karkaɗe ƙasar, kada ka ja shukar a ƙasa zuwa bakin gona. Ƙona su, ko ka binne a rami mai zurfi nesa da inda ake noma da inda ruwa ke bi. Ba sa shiga tarin takin gida ko kaɗan, domin zafin tarin ba ya kai ko'ina daidai.

Bar gurbin haka. Sake dasa irin shukar a ramin da ka cire wata asara ce kawai. Daga yau wannan ɓangaren shi ne na ƙarshe a kowane aiki, shema ce, ban-ruwa ne, ko tsinka.

In fiye da rabin gonar ta kamu, cirewa ɗaya-ɗaya ba ta da riba. Tsinki abin da ya samu, 'ya'yan ba sa cutar da mai ci, sannan ka kwashe komai gaba ɗaya da zarar ka gama, kafin ya bushe ya marmashe a wurin.

5. Lallaɓa sauran har ƙarshen kaka

Datse ruwan da ke bi ta wurin da ya kamu zuwa wurin da ke lafiya. In kana ban-ruwa ta kwari, juya tsarin yadda ɓangaren mai cutar zai zama ƙarshen layi. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ambaliya bayan dogon ƙishi.

Daina shema mai zurfi kusa da gindi. Cire ciyawar nan da hannu, ko ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta, wadda za ta kuma rage zafin ƙasa. A tumatir, tara ƙasa mai tsabta a gindi yakan sa shuka ta fitar da sababbin saiwoyi a sama, ta ɗan ja kwana har ta ba da wani abu.

Sassauta wa takin da ke sa ganye. Yawansa yana ƙara wa cutar ƙarfi, musamman mai amoniya. In kana da zaɓi, mai naitiret ya fi a gonar da ke da Fusariyam.

6. Wanke kayan aiki

Ƙasa ce ke ɗauke da cutar, saboda haka duk abin da ƙasa ke mannewa abin zargi ne: fartanya, garma, tayar tarakta, takalmi, akwatin ɗaukar kaya, sandunan da aka ɗaura tumatir bara. Kankare ƙasar da buroshi da ruwa a bokiti na farko. A na biyu haɗa bilic awo 1 da ruwa awo 9, ka jiƙa kayan minti 10, ka ɗauraye, ka shanya.

Gargaɗi: bilic ba ya aiki a kan laka, sai an wanke tukuna. Yana cin ƙarfe in ba a ɗauraye ba, kuma haɗin yana rasa ƙarfi, don haka sabo ake yi kullum. Taraktar haya tana yawo da wannan cuta daga gona zuwa gona. A wanke ta kafin ta shigo, ba bayan ta gama ba.

7. Zaɓi iri mai juriya

A ganina nan ne kuɗinka ya fi yin aiki. Karanta bayan fakiti. A irin tumatir, harafin V ko Vd yana nufin juriya ga Batisiliyam, F ko Fol ga Fusariyam, N ko Mi ga tsutsar saiwa. HR juriya ce mai ƙarfi, IR matsakaiciya. Fusariyam na tumatir jinsi uku ne, kuma irin da ya jure wa na farko yana iya faɗuwa a gaban na biyu ko na uku. Shi ya sa za ka ga FF ko FFF, ko lambobi a gaban Fol. Ɗauki wanda ya fi rufe jinsi da yawa, kuma in ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa a mataki na 3, dole ya haɗa da N, domin tsutsar tana iya karya juriyar iri.

Gargaɗi: F1 da ake bugawa da manyan haruffa a gaban fakiti yana nuna cewa irin haɗin aure ne kawai. Ba ya cewa komai game da Fusariyam. Mutane da yawa sun sayi iri mai tsada a kan wannan ruɗanin.

Kada ka ɗebi iri daga gonar da ta kamu. In iri naka ne na tumatir kuma ba a shafa masa magani ba, ana jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, a tsoma a ruwan sanyi, a shanya. Ba a yin wannan da ƙiyasi, sai da ma'aunin zafi, domin digiri biyu ko uku a sama yana kashe irin.

Inda ƙasa ta lalace sosai kuma amfanin mai daraja ne, akwai aure: a ɗora kan irin da kake so a gindin wani mai juriya. Ana yi wa tumatir, yalo da kankana. Yana da tsada da buƙatar hannu, kuma in ka dasa da zurfi har mahaɗar ta taɓa ƙasa, na saman zai fitar da tasa saiwar, aikin ya tashi a banza.

Mai ayaba kuwa, 'ya'yan da ake ɓallowa daga gindi su ne babbar hanyar yaɗuwa, ko da suna da kyan gani. Cutar Fusariyam ce ta durƙusar da irin ayaba mai suna Gros Michel a shekarun 1950, kuma sabon jinsinta mai suna TR4, wanda ke kama irin Cavendish, ya bayyana a Mozambik a 2013 da Kolombiya a 2019. Sayi dashen da aka raino a ɗakin gwaje-gwaje, kuma in ka tsaga kututture ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa a ciki, sanar da hukumar gona kafin ka motsa komai.

8. Tsabtace wurin reno

Dashe ɗaya mai cuta ya isa ya shigar da ita gonar da ba ta taɓa sani ba. Yi reno nesa da tsohuwar gonar, a ƙasar da ba a taɓa noma wannan amfanin ba. In a tire ko leda kake yi, turara ƙasar mai danshi har tsakiyarta ya kai digiri 70 zuwa 80 na minti 30, ka bari ta huce. Tsofaffin tire su bi ta wankin mataki na 6.

Akwai funfuna mai amfani da ake sayarwa, a fakiti za ka ga an rubuta Trichoderma. Tana riga mai cutar kama wuri a jikin saiwa, don haka a reno da ranar dashe ake sa ta. Taimako ce, ba ta warkarwa. Abu ne mai rai, zafin rana da daɗewa a shago suna kashe ta, kuma ba a haɗa ta da maganin kashe funfuna.

Ranar dashe, jiƙa bedin kafin ka cire, ka ɗago da ƙasarsa don kada saiwa ta tsinke. Duk dashen da ya tsumbure ko ya yi rawaya, yar da shi.

9. Gasa ƙasa da rana

Wannan na ƙananan filaye ne da wuraren reno, domin kuɗin leda a babban fili yana da nauyi. Lokacin da ya fi zafi da ƙarancin gajimare a shekara ake yi. Kwashe ragowar shuka, ka yi huɗa, ka farfasa hoge, ka zuba takin gida da duk abin da za ka zuba, ka gyara fangali ko kunya yadda za ka dasa. Jiƙa ƙasa sosai har zurfin santimita 30. Shimfiɗa farar leda mai ganin ciki, ta kwanta daf da ƙasa, ka binne bakunanta ko'ina. Bar ta mako 4 zuwa 6. Saman ƙasar yakan haura digiri 50, kuma zafi mai danshi ne ke kashe ƙwayoyin.

Kura-kuran da aka saba: baƙar leda, wadda ita ke ɗaukar zafin ta hana ƙasa, busasshiyar ƙasa, da huji da aka bari ba a liƙe ba. Mafi muni shi ne yin huɗa mai zurfi bayan an yaye ledar. Zafin bai kai can ƙasa sosai ba, huɗar za ta dawo da rayayyun ƙwayoyi sama.

10. Juya shuka, ka gyara tsamin ƙasa

A nan ne sanin sunan cutar ke biyan kuɗin gwajinsa. Fusariyam mai zaɓe ne, na tumatir ba ya kashe kankana, na kankana ba ya kashe auduga. Batisiliyam kuwa yana kama ɗaruruwan tsirrai, har da tumatir, dankalin turawa, yalo, barkono, kuɓewa da auduga, don haka juyawa a tsakaninsu ba juyi ba ne. Dangin hatsi irin su masara, dawa, gero da alkama su ne mafaka a duka biyun. Ba gonar shekara 4 zuwa 5 aƙalla, kana cire ciyayi da 'yan tsiron da suka fito da kansu daga amfanin bara. Juyi yana rage yawan ƙwayoyin ne, ba ya ƙarar da su, saboda haka ranar da ka dawo, da iri mai juriya za ka dawo.

Fusariyam yana son ƙasa mai tsami. In gwajin ƙasa ya nuna awon tsami (pH) ƙasa da 6, wato tsamin ya yi yawa, zuba farar ƙasa ta noma wata 2 zuwa 3 kafin dashe, ka cuɗa ta da ƙasa, kana neman 6.5 zuwa 7. Yawan da za ka zuba gwajin ne zai faɗa, don ƙasa mai yashi da mai laka ba ɗaya suke ci ba.

Gargaɗi: farar ƙasa ba ta maganin Batisiliyam, kuma a gonar dankalin turawa tana ƙara ƙazwar da ke ɓata fatarsa. Kada ka zuba sai ka san wace cuta ce da kuma abin da za ka shuka.

Kafin sandunan alamar nan su faɗi, zana gonar a littafinka, ka nuna inda cutar ta fito, da sunan irin, da watan da ta fara, da ta inda ruwa ke bi. A wurin da ya fi kamuwa, in za ka koma da amfanin, gwada layi biyu ko uku na sabon irin tukuna, ka tsaga kara guda biyar lokacin ɗaukar 'ya'ya, sannan ka yanke shawarar cika gonar a shekara ta gaba.